Yadda za ka zaɓi kayan ɗaga kat-kat don hanyoyin Adar da Azawak

Tun ƙarshen damina tambaya ɗaya ake ta yi mini, a gareji da kuma a waya: "Malam, ina so a ɗaga mini mota, wane kit zan saya, nawa zai ci?" Masu tambayar akwai direbobin da ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin Abalak da Cintabaraden, akwai ma'aikatan da aiki ke kai su ƙauyukan Keita da Buza, akwai kuma matasan da suka ga mota a Facebook ta burge su. Amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na zauna na jera ta bi da bi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, nauyin da motar ke ɗauka kullum shi ake saya wa kit, wato jerin kayan ɗagawar da ake sayarwa a haɗe. Tsayi yana biyo baya, kuma santimita 5 ta ishi kusan duk wanda ke bin hanyoyin jihar Tawa.

1. Leƙa ƙarƙashin motar tukuna

Kafin ka kira kowane mai kaya, shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashin motar. Abu biyu za ka duba: abin da ke ɗauke da nauyinta, da yadda gabanta yake.

Land Cruiser 75 lam ce gaba da baya, wato jerin ƙarafan nan da ƴan Najeriya ke kira sifirin. 78 da 79, waɗanda suka gaje ta daga 1999, suna da resor mai naɗi a gaba, lam a baya, kuma gabansu pon ne guda, wato ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashin mota mai haɗe ƙafa biyu. Land Cruiser 80 da 105 da Nissan Patrol Y61 mai rufi resor ne gaba da baya. Land Cruiser 100 kuwa bar torsiyon, sandar ƙarfe mai murɗuwa a madadin resor, ke riƙe gabanta, kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai. Hilux Vigo da Revo da Prado 120 da 150 su ma ƙafafun gabansu a rabe suke, resor yana naɗe a jikin amortisa, abin nan mai hana mota rawa. Wannan bambanci shi ke yanke iyakar ɗagawa: mota mai pon guda tana haƙuri, mai rababbun ƙafafu ba ta da haƙuri da yawa, don kardan ɗinta na gaba, sandar da ke kai juyin inji ga taya, yana karkacewa da zarar an ɗaga.

Ɗauki hoton farantin da ke jikin motar, mai lambar shasi da lambar samfur irin HZJ79, KUN25, LAN25 ko GUN125. Da wannan lambar ake oda. Kada ka ce wa mai kaya "Hilux ce fara ta 2012" kawai, don a shekara ɗaya akwai mai ƙofa biyu da mai huɗu, kuma lam ɗinsu na iya bambanta.

2. Auna ta yadda take a yau

Kayan aiki mita ce ta awo da takarda da biro. Tsayar da motar a dandamali mai daidai, tanki cike, babu kaya. A kowace ƙafa auna daga tsakiyar taya zuwa bakin karosari, wato jikin motar, da ke samanta. Kada ka fara daga ƙasa, don iskar taya da cinyewarta za su ɓata maka lissafi. Rubuta lambobi huɗun. Sai ka loda ta kamar ranar tafiya, mutane su shiga, ka sake aunawa.

Motoci da yawa da ake kawo mini ba ɗagawa suke buƙata ba, gajiya ce ta zaunar da su. Lam da ta miƙe ta zama kamar allo, ko ta fara lanƙwasawa ta baya, ta riga ta cinye santimita 3 ko 4 na tsayin da motar ta fito da shi daga kamfani. Sabuwar lam mai tsayin asali za ta mayar maka da su. Haka kuma kit ɗin da aka rubuta wa santimita 5, daga tsayin sabuwar mota ake lissafa shi, saboda haka a gajiyayyar mota za ka ga ta tashi 8 ko 9. Kada wannan ya firgita ka.

Hattara: in gefe ɗaya ya fi ɗaya zama da fiye da santimita 2, duba shasi da wuraren da lam ke maƙale. Shasi da ya tsage ko ya karkace, sai an gyara shi kafin a ɗora masa sabon kaya.

3. Lissafa nauyin da ba ya sauka daga motar

Nan ne ake yin kuskure mafi tsada, don haka zan daɗe a kai.

Raba kayanka gida biyu. Akwai wanda ke kan motar dare da rana: parshok, wato kariyar gaban mota, na ƙarfe da mai walda ya ƙera, injin janyo mota, batir na biyu, galarin ɗora kaya a sama, taya ta biyu, akwatin kayan aiki, ƙarin tanki. Akwai kuma na ranar tafiya: fasinja, buhuna, dabbobi. Lam da resor na farkon ake saya musu, sannan a yi la'akari da sau nawa na biyun ke hawa.

Ga misali. Tano ɗaya na gazuwal mai lita 200 ya kai kusan kilo 170 ban da ƙarfen tanon. Bido huɗu na ruwa masu lita 25 kilo 100 ke nan. Taya 7.50R16 da ƙarfenta wajen kilo 35. Ƙara kirik babba, shebur, farantan fita daga rairayi da kayan aiki, ka ga ka haura kilo 350 tun kafin mutum ɗaya ya shiga, tun kafin a jefa buhun hatsi mai kilo 100. In kana da hanyar hawa sikelin manyan motoci, auna gaba daban, baya daban. Wannan ya fi kowane ƙiyasi.

Kamfanonin da aka sani a wannan sana'a, irin Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons da Tough Dog, duk na Ostareliya, suna jera kayansu bisa nauyi: na mota mai tafiya kusan wofi, na matsakaicin kaya, na mai ɗauke da ɗaruruwan kilo kullum. Tsayinsu kusan ɗaya ne, taurinsu ne ya bambanta. Mutanenmu kuwa da sun ji "mafi ƙarfi" sai su ce shi za a ba su. Wani bawan Allah ya kawo mini Hilux da aka sa wa lam mafi tauri, alhali aikinsa kai ma'aikata uku da jakunkunansu ne. A kan hanyar nan mai kunya-kunya da direbobi ke kira tol, bayan motar tsalle yake yi, tayoyin ba su zama a ƙasa, har ta taɓa juya masa a kwana. Mun cire lam biyu-biyu a kowane gefe, motar ta natsu. Kuɗin da ya kashe a kan taurin nan da bai buƙata ba sun ishe shi amortisa masu kyau.

Akasin haka ma yana cutarwa. Lam mai laushi a ƙarƙashin 79 mai zuwa Tasara da kaya har sama za ta zauna cikin ƴan watanni, pon ya riƙa dukan robar shasi, ƙarshe shasin ya tsage.

Gaban motar ma haka. In babu parshok na ƙarfe, resor na mota wofi za ka saya. In akwai shi da injin janyo mota, matsa zuwa na gaba da shi.

Gargaɗi: kit ba ya ƙara nauyin da aka halatta wa motar. Lambar nauyin da ke cikin kart giris, wato takardar motar, tana nan yadda take, don birki da pon da shasi ba su canja ba. Motar za ta daina zama da kaya, amma tsayawarta in ka taka birki na nan da nisa.

4. Yanke shawarar tsayi

A mota mai pon guda, ƙwaryar pon ita ce mafi kusa da ƙasa, kuma kit ba ya ɗaga ta ko da milimita ɗaya. Shasi da karosari yake ɗagawa. Amfaninsa shi ne cikin motar ya daina gogar tudun rairayi, gindinta ya daina dukan gaɓar ƙorama wajen fita, ƙafafu su sami wurin motsi. Taya ce kawai ke ɗaga pon. Daga 265/70R16 zuwa 265/75R16 tsayin taya ya ƙaru da kusan santimita 2 da rabi, pon ya tashi da rabin haka. Kwantar gudu kuma za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 cikin 100. In ka haura zuwa 285/75R16, injin 1HZ na Land Cruiser da ba shi da turbo zai ji nauyin a hawa da cikin rairayi, shan mai ya ƙaru.

Ra'ayina a fili: santimita 4 zuwa 5. Ya wuce haka, sai an shiga canja tiriyangal na sama (hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba), sandunan da ke riƙe pon, wani lokaci har da kardan, kuma in ɗaya daga cikinsu ya karye a Tiliya babu inda za ka same shi. Ga kuma haɗarin kifewa. Motocinmu suna ɗaukar kaya da mutane a sama, kowace santimita da ka ƙara tana ƙara mata saurin faɗuwa a gangare ko a kaucewar gaggawa.

Masu Hilux da Prado da Land Cruiser 100, ga awon da ba a tsallakewa. Ɗaga gaban motar da kirik har taya ta rataya, auna daga tsakiyarta zuwa karosari, ka debe awon da ka samu tana tsaye. Abin da ya rage shi ne ratar da ƙafa ke da ita ta sauka cikin rami. Bayan ɗagawa kada ta gaza santimita 6. In ta gaza, kowane rami za ka ji "kwas", rotil, wato gaɓoɓin ƙafar gaba, da sufule, robar da ke rufe gaɓar kardan, su riƙa mutuwa.

5. Hanyoyin araha da abin da suke jawowa

Kal, wato faifan da ake sawa a kan resor, tana ɗaga mota da kuɗi kaɗan, amma resor ɗin na nan da gajiyarsa. Ƙarama mai santimita 1 don daidaita gefe da gefe ba laifi. A gaban Hilux ka sani cewa kaurin kal yana fitowa kusan ninki biyu a wurin taya.

Dogon jumel, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen lam, yana ɗaga rabin tsawon da aka ƙara masa ne kawai, kuma yana miƙar da lam da wuri. Guntun ƙarfe tsakanin lam da pon yana aiki a bayan Hilux, inda lam ke kan pon, amma yana sa pon murɗawa wajen tashi a rairayi. A Land Cruiser 79 lam a ƙarƙashin pon take, guntun zai sauke motar ne. A pon na gaba kuwa kada ka yarda a sa shi ko kyauta ne.

Murɗa bar torsiyon ba ya ƙara mata ƙarfi, ratar saukar ƙafa yake cinyewa. Kai lam wurin maƙeri a sake lanƙwasa ta da guduma yana fitar da mutum kunya na ɗan lokaci, kuma na san akwai maƙeran da suka iya. Amma kada a sa mata wuta. Ƙarfen da aka gasa ya rasa taurinsa, zai zauna ko ya karye. Ƙara lam ɗaya a cikin jeri mai sauran lafiya ya fi duk waɗannan, ga wanda aljihunsa bai kai kit ba.

6. Amortisa

Lam ke ɗaukar nauyi, amortisa ke hana motar rawa. A Kano za ka ji ana ce masa shakazoba. A ƙasarmu zafi ke kashe shi: a watan Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40, ga tol na kilomita da yawa, sai man cikinsa ya yi kumfa ya daina riƙewa. Shi ya sa nake cewa a nemi mai kaurin jiki, mai ɗaukar mai da yawa. Mai bututu biyu ya fi jure dukan duwatsun Adar, don ko jikin waje ya lotsa yana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya, irin yawancin na Bilstein, ya fi saurin huce zafi, amma lotsawa ɗaya ta gama da shi. Masu ƙarin tanki a gefe na da kyau ga mai gudu a dogon tol, sai dai tsada da wuyar gyara a nan.

Tsawonsa dole ya dace da lam ko resor ɗin. Gajere zai riƙa fizgewa in ƙafa ta sauka har ya tsinke kunnensa. Wanda ya yi tsawo da yawa zai daki ƙarshensa kafin pon ya taɓa roba. Saye daga kamfani ɗaya da resor ya rage maka wannan ciwon kai.

In kana so ka san ko na motarka na da rai, yi tafiyar kilomita 20 a tol ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ba tare da ka kama ba. Mai aiki zafi yake yi sosai. Wanda ka tarar da sanyi ya mutu.

7. Ƙananan kayan da ake mantawa

Sabbin birid, ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure lam da pon, don tsofaffin sun riga sun miƙe. Sabbin silambulok gaba ɗaya, wato robobin da ke cikin mahaɗan lam da sanduna. Jumel mai bakin shan giris ya fi daɗewa a ƙura.

Fileksibil na birki, wato bututun roba mai kai man birki ga ƙafa. Wannan ya taɓa faruwa da ni: mai kayan ya tabbatar mini ba sai an canja ba, na yarda ban gwada ba. A wata ƙorama wajen Keita ƙafar baya ta rataya, bututun ya tsinke, birki ya tafi ƙasa da mutane shida a mota. Allah ya kiyaye, a hankali muke tafiya. Tun ranar ba na barin mota ta fita sai na rataye pon na ga bututun birki, wayar ABS, igiyar birkin hannu da bututun numfashin pon duk suna da sauran sako-sako.

Motocin da ke da bawul mai rarraba birki bisa nauyi a baya, irin tsofaffin Hilux da Land Cruiser, in an ɗaga su bawul ɗin yana ɗauka motar wofi ce, sai ya rage wa baya birki. Ana ɗaga maƙalarsa daidai da tsayin da aka ƙara.

Masu pon guda da resor a gaba: ɗagawa tana juya pon kaɗan, kusurwar da makanikai ke kira shas ta ragu, motar ta riƙa yawo a gudron, sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan kwana. Akwai silambulok na musamman masu gyara wannan, ka sa su cikin oda tun farko.

8. Kuɗi da inda za a saya

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Kit ɗin da ka ga an rubuta wa yuro 1,500 a intanet ya kama jika 984 ke nan, tun ba a yi maganar dako da duwan ba. Lam kaya ce mai nauyi, ta jirgin sama kuɗin dakonta na iya kusan kamo kuɗin sayenta. Ta ruwa kuma, tun 2023 da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma biyowa ta Lome, sai ka yi haƙurin jira. Kada ka kwance motarka sai kayan sun iso hannunka ka ƙirga su.

Masu odar Dubai da dilolin Yamai da na Kofar Ruwa a Kano duk ana samun na gaske a wurinsu, ana kuma samun jabu mai fenti da takarda irin na asali. Nemi lambar kowane abu, ka duba ta a kundin kamfanin ka ga ta dace da motarka da nauyinka. A rubuta lambobin a rasit. Farashin da ya yi ƙasa da rabin na kowa, bar shi. Lam ta hannu ana iya saye in babu tsaga kuma lanƙwasarta na nan. Amortisa na hannu kuwa asara ce.

Ware kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka don kayan mataki na 7, ladan makaniki da paralelisim, wato daidaita saitin tayoyi. In kuɗin ba su kai duka ba, fara da amortisa huɗu da silambulok, sannan lam na baya, sannan gaba. Ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya.

9. Ranar ɗaurawa

Je da kanka, ka ba aikin yini guda. Tun jajibiri a jiƙa kusoshi da mai don kada su karye. Motar ta zauna kan shandel, ƙarafan nan na tokare mota, a ƙarƙashin shasi. Kirik kaɗai ko tarin bulo ba wurin shigar ɗan mutum ba ne.

Duba alamar da ke jikin resor da lam, wasu na dama daban na hagu daban, don gefen direba da tanki ya fi nauyi. Resor na gaban Hilux da Prado sai da matsewar da aka yi dominsa. Na ga yara suna ɗaure shi da igiya ko waya. In ya kuɓuce yana iya kashe mutum, kada ka bari a yi haka a kan motarka.

Kusoshin silambulok da jumel a ɗaura su sama-sama, a sauke motar kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ƙarasa ɗauri da kile mai awo. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin makonni. Daga nan a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga taya ba ta gogar komai, a yi paralelisim ranar, a daidaita fitilu don sun tashi sama.

10. Bayan kilomita 500

Makon farko tuƙa ta a hankali har hannunka ya saba da sabon tsayinta, musamman a kwana da kaya a sama. Bayan kilomita 500, wato kamar daga Tawa zuwa Abalak da dawowa sau biyu, koma gareji a sake ɗaure birid da duk kusoshi, don sabuwar lam tana zama, birid ya saki. Sake auna ƙafafu huɗu ka kwatanta da takardar farko. Saukar santimita 1 ba komai. In sitiyari yana karkarwa bayan ka faɗa rami, a duba shas, rotil da silambulok na sandar da ke riƙe pon a gicciye. In kuma ƙugi ne daga ƙasa a wani gudu na musamman, kusurwar kardan na baya ce, ana gyara ta da siririyar kal mai gangare tsakanin lam da pon. A sa giris a jumel duk lokacin canjin mai, da kuma duk ranar da motar ta ratsa ruwan ƙorama.